Wasiƙa daga Jos: Kafin a ce tsohuwar kwamfuta ta mutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka sam mini fili in yi magana kan wani abu da ya shafi sana'ata, ya kuma shafi duk mai kwamfuta a gida ko ofis ko makaranta, wato yadda manhajar Linux za ta iya ceto tsohuwar kwamfutar da sabon Windows ya ƙi hawa. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Jos, shagona yana kusa da Taminus, da yamma kuma ina koya wa yara na'ura a wata makarantar al'umma da ke Anguwan Rogo.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaron da ya saba aikowa. An ba da ƙarin wa'adin shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajista, daga nan kuma sai Windows 11. To, shi Windows 11 ba kowace na'ura yake yarda ya hau ba. Yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ram aƙalla giga 4, da ma'ajiya giga 64, in kuma furosesar Intel ce sai ta zama daga zubi na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Malam Edita, ka zaga Taminus da Titin Ahmadu Bello ka ga abin da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ke iya saya: ThinkPad X230 da T440, Dell Latitude E6440, HP EliteBook 840 G3. Duk na hannu ne, 'yan Beljiyom, daga zubi na 3 zuwa na 6. Lafiyarsu ƙalau, wasu ma sun fi sababbi masu araha ƙwari, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ta cika sharaɗin.

Amsa biyu nake ji ana ba masu irin waɗannan na'urori, kuma duka biyun ba su gamsar da ni ba. Ta farko ita ce, "Alhaji, wannan ta tsufa, sai dai ka sayi wata." Mai faɗin haka galibi shi ne mai sayar da wata na'urar. Ta biyu ita ce wadda mu masu gyara muka fi ƙwarewa a kai: a yi dabara a tsallake sharaɗin, a ɗora Windows ɗin da ba a biya ba, a kawo wata 'yar manhajar fasa ƙwauri a kunna shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kanmu muna wannan aiki ya ga abin da muke fara yi, wato kashe mai gadin na'urar, manhajar da ke tare bairos, domin in yana kunne ba zai bar manhajar ta shiga ba. Ba mu san wanda ya rubuta ta ba, ba mu san abin da ya cusa a ciki ba, kuma a kan wannan na'urar ce gobe mai ita zai buɗe asusunsa na banki. Ban da haka akwai maganar haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a Maris 2023, ta haɗa har da manhajar kwamfuta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a. Ni ba malami ba ne, fatawa ba tawa ba ce, amma abin yana mini nauyi in ga makarantar Islamiyya cike da na'urori, kowacce da rubutun nan a ƙasan sikirin yana cewa a biya kuɗin lasisi.

Akwai hanya ta uku, wato a sa Linux a madadin Windows, kuma ba sabuwa ba ce. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara aikin GNU, da nufin a samu babbar manhajar sarrafa kwamfuta wadda kowa ke da izinin amfani da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma kwafa ya ba wani. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan da ya rage, shi ne Linux. Mai wayar Android a aljihu yana tare da Linux ko bai sani ba, don a kansa aka gina ta. Kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya kuwa, tun Nuwamban 2017 babu wadda ba da shi take aiki ba. Saboda haka ba kayan gwaji nake tallatawa ba.

Inda ake rikicewa shi ne Linux ba guda ɗaya ba ne. Tunda kowa yana da izinin ɗauka ya sarrafa, an yi ɗaruruwa. Kamar shinkafa ce, buhu ɗaya amma wani ya yi tuwo, wani dafa-duka, wani garau-garau. Shi ya sa idan mutum ya shigo ya ce, "Injiniya, wanne ne ya fi kyau?" ba na amsa masa. Sai in ce ya miƙo na'urar in gani, sannan ya faɗa mini abin da yake yi da ita daga safe zuwa dare.

Na'urar ce ke fara yanke hukunci. Wadda ke da ram giga 4 zuwa sama, kuma mai ita Windows kaɗai ya sani, Linux Mint nake sa masa, zubin da ake kira Cinnamon. Wani Bafaranshe, Clément Lefebvre, ya fara Mint a 2006. Maɓallin buɗe manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo da alamar batir suna ƙasa ta dama, inda hannu da ido suka saba. Yana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice, madadin Word da Excel, a ciki, babu sai an je neman wani abu kafin a fara rubutu. Jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Akwai wata Hajiya, shugabar makarantar firamare, da ta zo da tata tana ƙorafin nauyi. Na ce, "Hajiya, me kike yi da ita?" Ta ce rubuta wasiƙu, jadawalin sakamakon yara, da duba saƙonni. Na sa mata Mint. Abin da kawai ta dawo tambaya shi ne yadda za ta mayar da hoton jikokinta a fuskar sikirin.

In ram ɗin giga 2 ne, sai a nemi mara nauyi: Mint ɗin mai Xfce, ko Lubuntu, ko MX Linux. Waɗannan sun rage ado don na'ura ta samu sarari. Sai kuma tsofaffi tukuf, irin ƙananan nan da aka riƙa rabawa a ofisoshi da makarantu shekarun baya, masu furosesa 32-bit. Ubuntu da Mint na yau ba za su hau su ba, Debian ma ya daina fitar da faifan girkawa na irinsu daga zubi na 13 da ya fito a Agustan 2025. Amma Debian 12 na 2023 yana hawa, haka antiX, haka Puppy Linux wanda ƙanƙantarsa ta sa yana iya lodawa gaba ɗaya a cikin ram. Sai dai in faɗi gaskiya, kada wani ya zo ya riƙe mini wuyan riga: Linux ba ya ƙara ram. Shafukan intanet na yau suna da ci, kuma in ka buɗe Facebook da YouTube da wasu shafuka goma a na'ura mai giga 2, za ta yi rarrafe ko me aka sa mata. Wanda ke da ɗan hali ya cire tsohon hadis mai juyawa ya sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, ya ƙara ram, ya bari a buɗe a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka. Sau da yawa abin da ake kira tsufa a garin nan ƙura ce ta toshe iska.

Bayan na'ura sai aiki, kuma a nan ne nake saɓawa da wasu abokaina masu zafin son Linux, waɗanda ke ganin kowa ya kamata ya koma. Ba kowa ba. Mai shagon buga kati da kalanda da fosta, wanda abincinsa ke cikin CorelDRAW, ba na taɓa masa na'ura. CorelDRAW ba shi da zubin Linux, haka Photoshop, haka AutoCAD na ɗaliban zanen gini. Akwai madadinsu, Inkscape da GIMP da Scribus, kuma suna aiki sosai. Amma mutumin da ke da tsofaffin fayilolin kwastomomi na shekaru, wanda kuma in ya gama zane zai kai wa mai injin bugawa da ke jiran fayil ɗin Corel, ba za ka ce masa ya koyi sabon abu ana saura mako guda biki ba. Haka masu kafe da ke yi wa mutane rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, duk manhajojin da na gani na wannan aiki na Windows ne. Irin waɗannan shawarata su sayi lasisi na gaskiya su sa cikin kuɗin sana'a, ko a raba musu hadis gida biyu, Windows a gefe don wannan aiki, Linux a gefe don shiga intanet. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke iya kunna wasu kayan Windows a kan Linux, wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi, ba na ɗora cinikin mutum a kanta.

Ɗalibai kuwa, na Jami'ar Jos da na kwalejoji, su ne suka fi kowa cin moriya, su ne kuma suka fi yawan kawo ƙara. Ƙarar ɗaya ce kullum: "Oga, na rubuta furojet ɗina a LibreOffice, da na kai shagon bugawa sai shafukan suka wargaje." Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malami ya ce a rubuta da Times New Roman, shi kuma wannan salon harafi mallakar wani kamfani ne, ba ya zuwa a cikin Linux. LibreOffice sai ya maye gurbinsa da Liberation Serif, wanda aka auna shi daidai da faɗin wancan, kamar yadda Carlito ke tsayawa a madadin Calibri. Yawanci hakan ya isa, amma in akwai jadawali da hotuna da yawa, wani abu kan goce idan an buɗe a Word. Maganin biyu ne, kuma duka ba su kai minti goma ba. A sauko da ainihin haruffan Times New Roman da Arial daga ma'ajiyar manhajoji, akwai su a can. Sannan duk abin da za a kai bugawa a mayar da shi PDF tun daga gida, maɓallin yana nan a saman LibreOffice. Yadda ka ajiye shi haka zai fito. Wanda zai kai wa malami ya yi gyara a ciki sai ya ajiye shi a docx. Mai lissafin ƙididdiga yana da R da PSPP kyauta, mai tara manazarta yana da Zotero, Zoom da Chrome da VLC da Telegram duk suna da zubin Linux, WhatsApp kuma ta burauza ake shiga.

Akwai wata riba da ɗalibi ba ya gane ta sai ya kwana biyu. Bairos ɗin nan na filash, mai ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun alamomi, wanda ya sa yara da yawa kuka a makon miƙa furojet, don Windows aka rubuta shi. In ka soka filashin a Linux ba ya motsi, za ka gan shi kwance ka goge, ka kwashe fayilolinka. A shagona akwai wata tsohuwar na'ura da ba ta da aiki sai wannan. Ba wai Linux ba ya kamuwa da komai ba ne, wanda ya ba ɗan damfara lambar sirrinsa babu manhajar da za ta cece shi.

Sai maganar da masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba sa sawa a lissafi, wato data da wuta. Faifan girka Ubuntu 24.04, wato fayil ɗin da ake saukowa da shi, ya kusa giga 6, na Mint wajen giga 3. Wannan sau ɗaya ne, kuma mutum ɗaya in ya sauko da shi unguwa guda za ta iya kwafa, lasisin ya halatta. Abin dubawa shi ne sabuntawar da ke biyo baya. Fedora, wanda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyi, yana fitar da sabon zubi duk wata shida, kowanne kuma wata goma sha uku ne kawai ake kula da shi. Arch ba ya ma da zubi, kullum cikin sabuntawa yake. Ga mai rubuta manhaja da ke da intanet na ofis a Abuja, waɗannan daidai ne. Ga malamin makaranta a Gangare ko Rikkos mai sayen data giga-giga, wanda kuma ana iya ɗauke wuta yana tsakiyar sabuntawa da batirin da ba ya riƙe caji, wahala ce kawai. Shi ya nemi mai dogon wa'adi. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, yana fitar da irin wannan duk shekara biyu cikin Afrilu, a kula da shi shekara biyar, kuma lambarsa ce ke faɗa maka lokacin fitarsa: 24.04 na Afrilun 2024 ne. A kan irin waɗannan ake gina Mint. Debian, wanda ya girme su duka don tun 1993 yake, ya fi kowa rashin gaggawa, in ka girka shi sai ka manta da shi.

Bari in ɗan yi faɗa da ƙannena samari. Kusan duk yaron da ya ji sunan Linux a TikTok, Kali yake zuwa nema, wai zai zama ɗan kutse. Kali Linux, wanda ya fito a 2013, kayan aikin ƙwararrun tsaron intanet ne, waɗanda kamfani ke ɗauka haya su gwada ƙofofinsa da izini. Masu yin sa da kansu sun rubuta cewa bai dace da sabon shiga ba, bai kuma dace da aikin yau da kullum ba. Yaro zai goge Windows ɗinsa ya sa shi, ya kasa haɗa firinta, ya ɗauki hoton baƙin sikirin ya ɗora a sitatus, bayan mako guda ya dawo a mayar masa da abin da ya goge, hotunan gidansu kuwa sun tafi. Ina ce musu, ɗana, in da gaske tsaron intanet kake so, sana'a ce mai kyau kuma ana neman masu ita. Fara da Mint ko Debian, ka koyi ba na'ura umarni da rubutu, ka gane yadda na'urori ke magana da juna, sannan ka sa Kali a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna kwamfutar gwaji a cikin taka, ka yi gwaji a kan kayanka. Kuma ka sani dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba, ko da wasa ka yi.

Abin da ya fi burge ni a wannan harka shi ne ba sai ka yarda da maganata ba, gani ya kori ji. Ka samu filash mai giga 8, ka ɗora faifan da Rufus ko Ventoy, ka tayar da na'urar daga filashin. Linux zai buɗe gaba ɗayansa ba tare da ya taɓa hadis ɗinka ba. A nan za ka gwada abubuwan da kan ba da matsala: Wi-Fi ya kama? Sauti yana fita? Kyamara tana gani? Firintarka ta amsa? Firintocin HP galibi ba sa gardama, don kamfanin da kansa yana fitar da direbobinsu na Linux, amma akwai wasu tsofaffin firintoci da wasu katunan Wi-Fi da sai an sha fama. In wani abu ya ƙi, ka zare filash, na'urarka tana nan yadda ka bar ta. In komai ya yi, kafin ka danna girkawa ka kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri, don girkawar tana iya share hadis ɗin duka.

Ga ma'aikatanka da duk mai rubutu da Hausa, akwai kibod ɗin Hausa na Najeriya a cikin kusan kowane Linux, sai dai a shiga saiti a zaɓa, ƙ da ɗ da ɓ su fito ba tare da an je kwafo su daga wani wuri ba. Na Larabci ma yana nan, kuma LibreOffice yana rubutu daga dama zuwa hagu, abin da malaman Islamiyya masu shirya jarrabawa suke tambayata kullum.

Kirana na musamman ga masu makarantu ne da ma'aikatar ilimi ta Jihar Filato da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. Na shiga ɗakunan kwamfuta da dama a garin nan inda na'urori ke jere an lulluɓe su da leda, an ce sun lalace, alhali Windows ɗin ne ya lalace, ƙarfen lafiya lau. Jihar Kerala ta Indiya ta mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux tun shekarun 2000, har ta haɗa nata zubin a kan Ubuntu da darussan yara a ciki. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Waɗannan ba su fi mu buƙatar tattali ba. Na san abin da shugabannin makarantu ke tsoro: littafin darasi da tambayoyin jarrabawa suna ambaton Word da Excel da sunansu. Tsoron yana da tushe, kuma a nan ne masu tsara manhajar karatu ya kamata su sa baki. Amma yaran da nake koyarwa a Anguwan Rogo, da suka koyi haɗa lissafi a Calc, madadin Excel na LibreOffice, ban ga wanda ya ɓata ba ranar da aka zaunar da shi gaban Excel. Kafin a sake fitar da kuɗin sayen sababbin na'urori, a kira mai gyara da filashinsa ya gwada waɗanda ke ƙarƙashin leda, a ƙirga nawa za su tashi.

Abokan sana'ata kuma na san abin da ke ransu, don mun yi maganar a bakin shago. Suna ganin in na'ura ta daina kamuwa da bairos, ta daina dawowa fomatin duk bayan wata uku, ciniki ya ragu. Wataƙila fomatin zai ragu. Amma wanda ka sa wa Mint zai dawo a ƙara masa ram, a sa masa SSD, a canja batir, a haɗa masa firinta, zai kuma turo matarsa da abokin aikinsa a koya musu. Faifan kyauta muka same shi, kyauta za mu ba da shi. Kuɗin aiki kuwa za mu karɓa, daidai da abin da muke karɓa in mun sa Windows.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Taminus, Jos, Jihar Filato.